Intanet na aiki, amma shafi ba ya buɗewa sai an sake dannawa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Gidanmu a Aboabo yake nan Kumasi, gidan yawa ne, kuma ni ke kula da Wi-Fi. Akwai rauta (na'urar da ke raba intanet a gida) mai sim a falon Baba, sai wata da yayana ya ja wa waya zuwa ɗakunan baya. Wani lokaci in na buɗe shafi sai ya yi ta juyawa, can ya ce bai sami adireshin ba, in na sake dannawa kuma ya buɗe nan take. Alhali kiran WhatsApp ba ya yankewa. Abin ya fi tsanani bayan isha'i. In sayi sabuwar rauta ne? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Riƙe kuɗinka tukuna. Abin da ka kwatanta alamar matsalar DNS ce, kuma ba na son ka zuba sidi a kan na'ura kafin mu san inda gizo ke saƙa.

Na'urori lamba suka sani, ba suna ba. Duk sanda ka rubuta sunan shafi, wayarka na tura 'yar tambaya: mece ce lambar wannan suna? Tsarin da ke amsawa shi ne DNS, wanda Paul Mockapetris ya tsara a 1983. A cikin gida rauta ce ɗan aike: ta karɓi tambayar, ta kai wa kwamfutar kamfanin sadarwa, ta dawo da amsa. To galibi tambayar ta hanyar UDP take tafiya, wadda ba ta da tabbacin isarwa. In ta ɓace a hanya ba mai sanar da kowa, wayar za ta zauna jira har wa'adi ya cika. In ka sake dannawa sabuwar tambaya ce ke tafiya, in ta isa sai shafin ya buɗe. Kiran WhatsApp kuwa an riga an haɗa shi, ba ya bukatar sake tambaya, shi ya sa yake ci gaba.

Ka samu kwamfuta mai Windows, ka jira lokacin da abin ke faruwa, don gwajin da aka yi da hantsi ba zai nuna komai ba. Buɗe cmd, tagar rubuta umarni, ka rubuta ipconfig /all, ka kwafe adireshin rauta da na DNS da aka ba kwamfutar. Sau da yawa 192.168.1.1 ne ko 192.168.8.1. Sai ka rubuta ping -t da adireshin rautar, ka bar shi yana gudu, shi ne zai riƙa nuna ko rautar na amsawa. A wata taga ka rubuta nslookup google.com, sannan nslookup google.com 8.8.8.8, ka maimaita kowanne kamar sau goma. Na farko rauta yake tambaya, na biyu kuma ya tsallake ta zuwa Google. In amsa ba ta zo ba cikin daƙiƙa 2, za ka ga an rubuta “timed out”.

In ping ɗin kansa na tsinkewa, laifin na iskar Wi-Fi ne: bango, nisa, ko rautocin maƙwabta da suka taru kan tasha ɗaya. A saitin Wi-Fi na rautar, koma tasha (channel) ta 1, 6 ko 11. In ping lafiya amma duka tambayoyin biyu na faɗuwa, layin ne ya cika, kuma bayan isha'i ai kowa na tura bidiyo, wayoyi na loda hotuna. In kuwa 8.8.8.8 na amsawa rauta na yin shiru, mun kama ɓarawon.

Ni dai zargina na kan rautar yayanka. In wayar da ya ja ramin WAN (na shigowar intanet) ta shiga, tambayar mutanen ɗakunan baya sai ta bi ta hannu biyu kafin ta fita. In ramin LAN ne (na haɗa na'urorin cikin gida) kuma bai kashe DHCP, tsarin raba adireshi, ba, rautoci biyu ne ke raba adireshi a gida ɗaya, wata wayar hannu sai a ba ta DNS na wadda ba ta da hanyar fita. Shiga saitinta ka kashe DHCP, ka ba ta adireshin da ya bambanta da na ta falo, ka mai da wayar da ya ja ramin LAN.

Ita ma ta falon tana da iyaka. Rautocin gida da yawa na amfani da manhajar dnsmasq, wadda a saitinta na asali tambayoyi 150 take riƙewa a lokaci guda, kuma ƙaramar na'ura na iya galabaita tun kafin nan. Ka sauke mata nauyin: a saitin DHCP ɗinta sa 1.1.1.1 na Cloudflare da 8.8.8.8, don wayoyi su riƙa tambaya kai tsaye. Wasu rautoci masu sim ba su da wannan gurbi. In taku haka take, daga Android 9 zuwa sama akwai Private DNS a saitin waya, rubuta dns.google a ciki. Sai dai ka sani, in kuna da firinta da kuke kira da suna, wataƙila sai kun koma kiranta da lamba.

Taɓa bayan rautar ma. In tana kan dikoda ta yi zafi, sauke ta inda iska ke kaɗawa, kuma ka gwada wata adafta mai ƙarfi daidai da tata, don yawan ɗauke wuta da dawowarta na raunana su. In ka yi duk wannan har yanzu ping ta wayar LAN yana tsinkewa, to a nan ne zan ce ka sayi sabuwa.