Zanen duwatsun Sidni: da rana tsaka ba a ganin komai

Ka ce ka je West Head, a gandun Ku-ring-gai Chase da ke arewacin Sidni a Ostareliya, don ganin zanen da 'yan asalin ƙasar suka sassaƙa a kan dutse, ka tarar da dutse fayau, kana tambaya ko a zuba ruwa ko a bi layin zanen da alli don ya fito.

Kada ka yi ko ɗaya. Matsalar lokaci ce. 'Yan asalin ƙasar sun fara huda ƙananan ramuka jere a kan dutsen yashi, sannan suka goge tsakaninsu har ya zama kwari. Ruwan sama da iska sun cinye zurfinsa, don haka idan rana tana tsaka, babu inuwar da za ta fito da zanen kifi ko na kangaru. Koma da sassafe ko da la'asar sakaliya, hasken yana zuwa a karkace. Bayan an ɗauke ruwan sama ma yana fitowa sarai.

Alli da tafin takalmi suna kankare dutsen, kuma dokar jihar New South Wales ta 1974 ta haramta lalata wuraren.

A kogon Red Hands, da ke nan West Head, kuwa fenti ne: an ɗora hannu a bango aka fesa jar ƙasa da baki. Maiƙon yatsa yana ɓata shi, kallo kawai.