Ƙanwata na son karatun jinya: Zariya, jami'ar kuɗi, ko Kwatano?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Funtuwa, kuma tun rasuwar mahaifinmu ni nake ɗauke da karatun ƙanwata. Burinta aikin jinya. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta gurbi, amma a fannin nazarin halittu. Wata jami'ar kuɗi ta ce za ta ba ta jinyar, sai dai in ban sayar da filina ba ba zan iya biya ba. Ana cikin haka wani mutum ya zo mana da maganar karatu a Kwatano ta Jamhuriyar Benin, ya ce shekara biyu ta gama, babu JAMB babu yajin aiki, in ma takarda ta ba da matsala yana da mutane a Abuja da za su gyara daga baya. Inna kuma ba ta son jin sunan Zariya, ta ce 'ya'yan mutane lalacewa suke yi a Samaru. Barci ya ƙaurace mini. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku, kai kuma ya saka maka da alheri bisa wannan riƙo.

Bari in fara da damuwar Inna, don ita ce mai sauƙin magani. Samaru, inda jami'ar take, taron jama'a ce, tun 1962 take tara ɗalibai daga kowane lungu na Najeriya, kuma duk irin halin da mutum ya je nema zai samu abokan yinsa. Akwai masu shashanci, akwai kuma 'yan matan da ba su san ko'ina ba sai aji, laburare da masallaci, kuma ƙungiyar ɗalibai Musulmi tana da ƙarfi a can. Motar Funtuwa ta bakin ƙofar jami'ar take wucewa, tafiyar ba ta kai awa biyu ba. Ka ɗauki Inna da yarinyar ku je ranar da ake karatu, ku shiga ɗakunan kwanan mata, ku ga mutum nawa ne a ɗaki, ina suke samun ruwa, ƙarfe nawa ake rufe ƙofa. Ku nemi 'yar garinku da ta shekara biyu ko uku a can ta faɗa muku gaskiya. Gani ya kori ji. Abin da na fi jin tsoro ga ɗiya mace a kowace jami'a shi ne ta rasa gado a cikin makaranta ta koma haya a unguwa. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka sace a watan Satumban 2023, daga gidajen haya na Sabon Gida aka kwashe su. Saboda haka kafin ka tambayi kyawun gini, tambayi ko 'yar aji ɗaya tana samun gado.

Batun kuɗi kuwa, kada ka yi lissafin shekarar farko kawai. Digirin jinya shekara biyar ne, ga kuɗin makwanci, abinci, kayan aiki, zirga-zirgar zuwa asibiti da jarrabawar hukumar jinya, kuma kuɗin makaranta ba ya tsayawa inda ka same shi. Fili sau ɗaya ake sayar da shi. In kuɗinsa ya ƙare a aji uku fa? Na ga ɗaliban da suka tsaya a nan, ba su gama ba, kuma makarantar ta riƙe sakamakonsu saboda bashi, ko sauya makaranta ba su iya yi. A jami'ar gwamnati akwai rancen NELFUND, asusun ba ɗalibai bashin karatu na gwamnatin tarayya, da aka buɗe a watan Mayun 2024, ba ruwa a kansa, yana biyan kuɗin makaranta ya kuma ba ɗalibi naira 20,000 duk wata, ba a fara biya sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Ɗaliban jami'o'in kuɗi ba sa ciki. Yajin aiki gaskiya ne, na 2022 wata takwas ya ci, kuma ba zan ce maka ba za a sake ba. Ka saka shi a lissafi.

Akwai hanya ta huɗu da ba ka ambata ba. In jinyar take so da gaske, kwalejojin jinya na jihohi da na asibitocin koyarwa suna nan, a jiharku ma akwai a Katsina, ga makarantar ungozoma a Malumfashi. Ta samu lasisinta ta fara aiki, daga baya ta ɗora digiri. Ko kuma ta sake zama JAMB baɗi. Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne ta karɓi nazarin halittu da niyyar za ta sauya zuwa jinya a aji biyu, domin guraben jinya ƙididdigaggu ne, masu nema kuma sun yi yawa.

Yanzu ga mutumin Kwatano, kuma ka yi haƙuri zan daɗe a kansa, domin babu makon da zai wuce ban ji wannan kalma ta "a shiga dai, daga baya a gyara" ba. Ita ce ta fi kowace magana cinye dukiyar iyaye da shekarun 'ya'yansu a wannan harka. Mutane sun ɗauka digiri digiri ne, in dai akwai hatimi da hoton yarinya da doguwar riga da hula to an gama. Ba a gama ba. Takarda ba ta da amfani sai hukumar da za a kai wa ta yarda da ita.

A watan Disambar 2023 ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samu digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, bai shiga aji ba, har ya samu shiga hidimar ƙasa da takardar. Ranar 2 ga Janairun 2024 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo. A watan Agustan shekarar ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce 'yan Najeriya fiye da 22,000 ne ke yawo da takardun bogi daga ƙasashen biyu, kuma jami'o'i biyar kacal a Benin da uku a Togo gwamnati ta amince da su. Cikin waɗanda abin ya rutsa da su akwai yaran da suka zauna suka yi karatun da gaske, iyayensu suka canza naira zuwa sefa da tsada suka biya, amma makarantar ba ta cikin jerin. Ina mutanen Abujan da aka ce za su gyara? Wayoyinsu a kashe.

To ko da makarantar tana cikin jerin, jinya ba irin sauran kwasa-kwasai ba ce. Wanda ya karanto ta a waje sai ya bi ta hannun Hukumar Jinya da Ungozoma ta Najeriya, ta duba inda ya yi karatu, ya yi horon daidaitawa, ya zauna jarrabawarta, sannan ya samu lasisi. Ka faɗa mini, a shekara biyu, a benen haya, a wane asibiti ƙanwarka za ta koyi sa ruwa, wanke ciwo da karɓar haihuwa? Wannan ne ke ƙona mini rai. In aka yi rashin sa'a irin wannan takarda ta tsallake, a kan iyayenmu da matanmu za a koyi allurar.

Kada ka ɗauka cutar a ƙetare kawai take. Ita ma jami'ar kuɗin da ta yi muku alkawari, a nan gida, sai ka bincike ta. Samun lasisin buɗe jami'a daga NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, daban, amincewa da kwas ɗin jinya daban, yardar hukumar jinya da adadin ɗaliban da ta ƙayyade wa makarantar shi ma daban. Makaranta tana iya ɗibar ninkin abin da aka ba ta don kuɗi, ranar da za a kai sunaye hukuma a yi wa ɗalibai rajista sai a tarar rabi ba su da wuri. Wata uwa ta taɓa zama a ofishina tana kuka, 'yarta ta kai aji huɗu kafin su gane sunanta bai taɓa zuwa hukumar ba. Ba ni da abin da zan iya yi mata sai ban haƙuri, kuma har yau abin yana damuna. Haka nan tun 2017 duk gurbin da bai bi ta manhajar ba da gurbi ta JAMB, wato CAPS, ba haramtacce ne, ko da shugaban jami'a ne ya sa hannu a wasiƙar. Wanda sunansa ba ya cikin rajistar JAMB ba zai je hidimar ƙasa ba, kuma nan ma "za a gyara" ake ce wa iyaye har yaro ya gama.

Dillalan nan ba baƙi ba ne, shi ya sa ake faɗawa tarkonsu. Sahu ɗaya muke yi da su a masallaci, wani ma ɗan uwa ne, kunya ta hana a tambaye shi hujja. Su ji tsoron Allah, kuɗin marayu ne suke karɓa suna sane da cewa takardar ba za ta yi aiki ba. Kai kuma ka ajiye kunya. Kada ka biya ko kwabo a asusun wani mutum. Ka sa ƙanwarka ta buɗe shafinta na JAMB da hannunta ta ga wane gurbi ne ya fito a CAPS, ku duba sunan jami'ar kuɗin da kwas ɗin jinyarta a jerin NUC da na hukumar jinya, sannan ka je ofishin magatakardan makarantar ka tambayi ɗalibai nawa aka ƙayyade musu, nawa suka ɗauka bana. In suka yi ta kewaye-kewaye, ka riƙe filinka, ka saya mata fom ɗin kwalejin jinya kafin a rufe.