Kok ba ya shan rini, ɗana

Ɗana, jiya muna rufe shago ka tambaye ni game da sandar fatsar mutumin nan mai zuwa kamun kifi Tiga, wanda yake so mariƙinta na kok ya koma baƙi. Ka ce, "Maigida, me zai hana mu kai Ƙofar Mata a tsoma shi a baba mu huta?" Na ce ka bari sai da safe, domin ba amsar da ake bayarwa a tsaye da kwaɗo a hannu ba ce.

Ɗauko guntun kok ɗin da ke cikin gwangwanin can, ka ɗiga masa ruwa. Ka ga yadda ɗigon ya tsaya a kansa kamar ƙwallon dutsen ado, bai nutse ba? To amsarka ke nan tun daga tushe. Kok ɓawon itace ne, na wata bishiya da ke fitowa a Fotugal da Sifaniya da Maroko da Aljeriya, kuma kusan rabin wanda duniya ke amfani da shi daga Fotugal yake zuwa. Bishiyar sai ta kai wajen shekara 25 kafin a fara ɓare ta, daga nan kuma sai bayan kowace shekara 9. Cikinsa 'yan ƙananan ɗakuna ne cike da iska, kowanne a rufe ruf, bangonsu yana da wani abu mai kama da kakin zuma. Shi ya sa ba ya da nauyi, ba ya jiƙa, shi ya sa ma muke son sa a hannun mai su. Abin da ya hana shi shan ruwan dam shi ne zai hana shi shan ruwan baba. Auduga tana sha har cikin zarenta, fatar da aka jeme da bagaruwa ma tana sha. Kok kuwa launi a fuskarsa kawai yake zama.

Ba da ka nake faɗa maka ba. Ina da ƙuruciya na taɓa yin wannan tunanin naka. Wani dattijon marini ya ce min ba zai kama ba, na nace, ya tsoma min. Da ya bushe sai ya fito dabbare-dabbare, wani wuri shuɗi, wani wuri kamar ba a taɓa shi ba. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne 'yan ramukan nan. Ka san kowane mariƙin kok yana da ramuka da ake cikewa da garin kok haɗe da gam. To wannan cikon shi yana sha, sai ya yi duhu fiye da sauran jikin, wani ma ya jiƙa ya zube ya bar rami. Mai sandar ya je ruwa sau ɗaya ya dawo ya buɗe min tafin hannunsa, shuɗi shar. Na sake masa mariƙi da kuɗina, kuma ina ganin daidai ne.

Idan dole sai an rina wanda yake jikin sanda, ana iya yi, amma da sanin iyakarsa. Ka fara naɗe jikin sandar da wurin zaman abin naɗe zare da salatif, kada ɗigo ya taɓa su. Ka bi kok ɗin da samfefa mai lamba 220, sannan mai 400, a hankali, ka cire dattin hannu da maiƙon da ya taru, domin rini ba ya zama a kan maiƙo. Ka share ƙurar tas. Rinin fata da ake haɗawa da sifirit ya fi na ruwa kamawa, kuma yana saurin bushewa. Da tsumma za ka shafa, siriri-siriri, sau biyu ko uku, kana barin kowanne ya bushe. Kada ka malala. Kuma kafin ka taɓa kayan mutane, ka gwada a kan guntu, ka jiƙa hannunka ka murza shi da ƙarfi ka ga abin da zai biyo tafinka. Ruwan ƙasa yana fita da kyau ta wannan hanya. Baƙi ƙirin ne mai wuya, yakan tsaya a toka-toka, kuma inda babban yatsa ke zama shi zai fara koɗewa.

Na san abin da za ka ce: a rufe shi da banish. A nan ne ba na yarda. Banish mai kauri yana mayar da kok kamar roba mai sulɓi. Mutum ya cire tarwaɗa daga ƙugiya, hannunsa duk yauƙi, ya kama mariƙi mai ƙyalli, sai sanda ta zame. Sannan laushin nan da ɗumin nan da aka biya kuɗi dominsu sun tafi, idan kuma banish ɗin ya fara tsagewa sai ya riƙa ɓarewa kamar ɓawon ƙwai. Akwai maganin rufe kok na musamman, tsinkakke, wanda ake shafawa sau ɗaya. In an samu shi, to. In ba a samu ba, gara a bar shi haka.

Wasu suna babbaka shi da wuta don ya yi duhu. Yana yi, amma kada ka kusanci sanda da harshen wuta, zafi yana kashe danƙon da ya riƙe jikinta, sai ta karye ranar da giwan ruwa ya ja.

Launin da ke daɗewa tun wajen gini ake sa shi. Mariƙi ai zobba ne na kok, kowanne kaurin rabin inci, muna jera su da gam muna matsewa, sannan mu juya a inji mu fere. A nan ne za ka saka zobban da launinsu ya ratsa ciki da waje: akwai kok da aka gasa ya yi duhu, akwai wanda aka niƙa aka haɗa da baƙar roba. Ko ka ci rabinsa da samfefa launin yana nan. Ni na fi son in sa baƙi biyu a gindi, inda sanda ke dukan ƙasa da gefen kwalekwale, ɗaya siriri a sama, tsakiya kuma in bar shi da launin da Allah ya yi shi. Ka dai kula wajen ferewa, mai robar ya fi tauri, in ka danna daidai wa daida fari zai rame ya bar baƙin a tsaye.

Idan mutumin ya zo yau, kai za ka yi masa bayani, ina gefe. Ka ce masa ko mu rina ya san zai koɗe, ko mu sare wannan mu gina masa sabo da baƙaƙen zobba, ko mu sa masa rigar roba baƙa da ke matsewa. Ka kuma tuna masa baƙin mariƙi yana ɗaukar zafi in ya kwana biyu a ranar bazara a bakin dam. Kafin ya iso, yanko guntu uku daga gwangwanin, ka rina ɗaya, ka bar ɗaya, ka kawo na mai roba, ka ajiye kofin ruwa kusa don ya jiƙa hannunsa ya taɓa kowanne.