Kujerun tik da zancen man gyaɗa

'Yata, saƙonki ya iso ni nan Marwa. Ina fata kuna lafiya, ke da maigidan da yara. Ya zafin Garwa?

Kin ce maigidanki ya sayo kujerun katakon tik da tebur ya ajiye a tsakar gida, ga shi sun fara komawa launin toka, surukarki kuma ta ce a shafe su da man gyaɗa kafin Sallah yadda ake yi wa turmi. Kina tambaya ko al'ada ce da sai an bi.

Al'ada ce, kuma Hajiya tana da hujjarta. Tun muna yara, sabon turmin kirya da taɓarya da akushi da kujerar tsugunno ba a soma aiki da su sai an mulke su da man kaɗe ko na gyaɗa, an bar su a inuwa sun sha. Iskar hunturu takan zuƙe danshin itace farat ɗaya ya tsage, man ne ke sa ya bushe a hankali.

To amma tik ba ɗan dajinmu ba ne. Asalinsa Indiya da ƙasar Bama (Myanmar ta yau) da Tailan, Jamusawa suka dasa shi a Togo a farkon ƙarni na 20. Da maiƙonsa a jiki Allah ya halicce shi, shi ya sa ake daɓen jiragen ruwa da shi. Kika ƙara masa man gyaɗa, ba shanyewa zai yi ba. A sama zai kwanta ya yi danƙo, ƙura ta manne, tururuwa ta yi layi, ruwan Agusta na sauka ya yi baƙin fumfuna. Baƙo ya zauna da farar shadda ranar Sallah, kin san sauran zancen. Baƙin man mota da ake shafa wa katakon rufi don gara kuwa, kada ma ki bari a kawo shi kusa.

Tokar da kike gani aikin rana ne, a fatar sama kawai ta tsaya, cikin lafiya lau yake. Ni ta fi burge ni ma. In maigidan ya matsa sai launin zuman nan, kafinta ya bi su da sanfefa mai laushi, amma ya sani bayan 'yan watanni tokar za ta dawo. Fenti mai ƙyalli kuma, a ranar Afrilu da zafi ke haura digiri 40, ɓarewa zai yi.

Wanki kaɗai suke so, bayan hunturu da kuma ƙarshen damina: ruwan ɗumi, sabulu, buroshi mai laushi, ki bi tsawon katakon, ki ɗauraye, su bushe a inuwa. Ban da soson ƙarfe, ɓurɓushinsa na barin baƙin tabo. Miya ko shayi ya zuba, a goge nan take. Kada ki naɗe su da leda, gumi za su yi.

Abin da na fi so ki duba shi ne ƙafafun. Tik ɗin gonaki da ƙuruciyarsa ake sare shi, sai ki ga farin ɓangare a gefen katakon, shi kuwa gara na cinsa sarai. Ki ɗora su kan siminti ko dutse, kada su kwana a ƙasa. 'Yar tsagar hunturu kada ta tayar miki da hankali, takan haɗe da damina. Kusoshi dai a riƙa ɗaure su.

Saura Hajiya. Kada ki ja da ita, ba girmanki ba ne. Ki fito da turmi da taɓarya da muciya, ki kawo man, ki roƙe ta ta nuna miki yadda ake yi. Zancen kujeru ki bar wa ɗanta, ya ce mata kafinta ya hana.

Ki gaishe min da ita da kyau. Goggonki.