Dusar ƙanƙara a hamadar Aljeriya: amsar tambayar Hajiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Jama'ar wannan zaure, barkanmu da war haka. Hajiya, na ji tambayarki a kan bidiyon nan da ake ta turowa, na dusar ƙanƙara kwance a kan tudun rairayi. Kin ce shin da gaske ne ko haɗawa aka yi, kuma in da gaske ne, yaya yaranmu da ke neman abinci a Aljeriya za su yi da kansu. To zan ɗan ja magana, a yi mini haƙuri, don abin ya shafi rai.

Da gaske ne, yana faruwa. Garin da ya yi suna da wannan shi ne Ain Sefra, a jihar Na'ama, yammacin Aljeriya, can wajen iyakar Maroko. Dusar ta zuba a can a watan Fabrairun 1979, kamar rabin awa kawai, amma sai da ta tsayar da motoci. Daga nan aka yi shekara 37 ba a sake jin labarinta ba sai Disambar 2016. Tun daga lokacin take ta dawowa, Janairun 2017, Janairun 2018, sai 2021 da 2022. Ta 2018 ɗin ma an ba da rahoton ta kai santimita 40 a wasu tuddai na bayan gari. Sai dai a lura, da yawa daga bidiyon da ke yawo tsofaffi ne, duk shekara sai wani ya sake ɗaukowa ya ce jiya abin ya faru.

Abin da ke kawo ta abu uku ne, kuma sai sun haɗu a rana guda. Tudu, sanyi, da danshi. Ain Sefra tana kan tudu ne da ya ɗara mita 1,000, duwatsun Atlas sun kewaye ta, kuma duk mita 1,000 da ka hau, zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi. Sannan daren hamada a Janairu, da ma can yakan sauka kusa da sifili, saboda ba gajimare ba danshi da za su riƙe zafin rana. Abin da ake rasawa shi ne ruwa a sama. To idan iska mai sanyi ta gangaro daga Turai, ta tsallako tekun Bahar Rum ta kwaso danshi, ta zo ta hau duwatsun nan, shi ke nan an haɗu.

Wani zai ce ai Jos ma tudunta ya kai mita 1,200, me ya sa ba ta zuba a can? Saboda Jos tana kusa da layin da ya raba duniya biyu, wato ikwaita, rana tana dukanta kai tsaye duk shekara. Hunturunmu kuma busasshe ne ƙarau, a Kano dare yakan tsaya wajen digiri 10 zuwa 13. Ƙanƙarar da muke gani da damina tana fasa gilashi tana yaga ganyen masara, wannan daban ce. Ita a cikin hadari mai tsawo take daskarewa, tana da nauyi, tana faɗowa da gudu kafin ta narke. Dusa kuwa sakayau take, a hankali take saukowa, in iskar ƙasa ta wuce kamar digiri 2, ruwa za ta zama tun a hanya.

Yanzu ga inda nake so a buɗe kunne. Ita dusar a hamada ba ta daɗewa, sau da yawa kafin la'asar ta narke. Ɓarnar tana zuwa ne daga sanyin da ke rako ta na kwana uku ko mako guda, ya tarar da gari da mutanen da duk shirinsu na zafi ne. Ku dubi Texas ta Amurka, inda 'yan Najeriya suke da yawa a Houston. A Fabrairun 2021 sanyi ya daskarar da bututun gas da injinan tashoshin lantarki, gidaje sama da miliyan 4 suka rasa wuta, hukumar lafiya ta jihar ta ƙirga mutum 246 da suka rasu. Wannan ƙasa ce mai kuɗi fa. To ina ga yaron da ke kwana a kangon da ba taga ba ƙofa, a kan siminti?

Babban makashin shi ne gawayi a ɗaki rufe. Wallahi wannan ya fi dusar kanta haɗari. Sanyi ya matsa, sai a hura gawayi a kasko, a shigo da shi, a toshe ƙasan ƙofa da tsumma, a kwanta. Gawayi in yana ci a inda iska ba ta wadata, yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ko da garwashin ya yi ja ya daina hayaƙi tana nan tana fita. In ta shiga jini tana kama shi fiye da yadda iskar numfashi ke kamawa sau 200 da wani abu, sai jini ya yi ta zagayawa ba ya kai wa ƙwaƙwalwa komai. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala. In kuka ga duk mutanen ɗaki kansu yana ciwo lokaci guda, kada a tsaya cewa mura ce ko abinci ne. A buɗe ƙofa da taga, kowa ya fita waje, wanda ya kasa tashi a ja shi. Mai barci kuwa ba ya jin komai, daga barcin yake wucewa. A Aljeriya duk hunturu sai jami'an agaji na Himaya Madaniyya sun fitar da sanarwar mutanen da iskar nan ta kashe, har da 'yan ƙasa a gidajensu, daga hitar gas da injin dumama ruwan wanka. A Texas ɗin nan ma mutum sama da 1,400 aka kai asibiti saboda ita a wancan makon.

Saboda haka gawayi a waje, a ji ɗumi, a kashe kafin a kwanta. Mai hitar gas ya duba harshen wutar. In shuɗi ne lafiya, in ya koma rawaya ko yana barin baƙi a bango, a kashe a nemi mai gyara. Ƙananan ramukan iska da ake bari a bangon kicin da na banɗaki, kada a toshe su don sanyi, don wannan ranar aka yi su. Janareto ya yi nesa da ƙofa da taga aƙalla mita 6. Lambar Himaya Madaniyya ita ce 14. Na san wasu suna tsoron kira saboda maganar takardu, amma in mutum ya suma a ɗakin da aka kunna wuta, dan Allah a kira, don iskar oksijin ta asibiti yake buƙata, shayi ko shafa ruwa ba za su fitar da gubar ba.

To in ba gawayi, da me za a ji ɗumi? A fara da ƙasa. Siminti yana zuƙe zafin jiki fiye da iska, don haka kwali uku ko huɗu a ƙarƙashin katifa ya fi ƙarin bargo ɗaya a sama amfani. In an samu katakon da ake ɗora kaya a kai, ya fi kyau. Sutura a yi ta hawa uku: ta ciki mai kama jiki, ta tsakiya mai kauri ta ulu, ta waje wadda iska da ruwa ba sa ratsawa. Hular sanyi da ta rufe kunne, safa biyu, amma kada takalmi ya matse, in ya matse jini ba ya gudu, ƙafa ta fi saurin daskarewa. Rigar da aka yi gumi a cikinta wajen aiki, a cire ta kafin a kwanta. Mutane su haɗu a ƙaramin ɗaki guda maimakon kowa ya kama nasa. A zuba ruwan zafi a jarka mai murfi, a naɗe da tsumma a sa cikin bargo. Kuma a ci abinci a ƙoshi, jiki da abinci yake yin zafi.

In sanyi ya riga ya shiga mutum, wato zafin jikinsa ya sauka ƙasa da digiri 35, za ka ga yana karkarwa, maganarsa tana sarƙewa, hannu ya kasa ɓalle maɓalli. In karkarwar ta tsaya alhali yana cikin sanyin, yana ta gyangyaɗi, to abin ya yi nisa, ba sauƙi ya samu ba. A cire masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe ƙirji da wuya da kai tukuna, in yana cikin hayyacinsa a ba shi shayi mai sukari. Yatsun da suka yi fari suka mutu, kada a murza su, kada a kara su a wuta, don ba ya ji, zai ƙone bai sani ba. Ruwa mai ɗumi kamar digiri 37 zuwa 39, wanda gwiwar hannunka za ta iya zama a ciki, a jiƙa minti 20 zuwa 30. Jarirai da tsofaffi su ne farkon kamuwa.

Ga wani abu da ke rikita mutane a kicin. Tukunyar gas ta butan da ake girki da ita a can, ka jijjiga ka ji da gas a ciki, ka kunna ta ƙi kamawa. Ba lalacewa ta yi ba. Shi butan ruwa ne a cikin tukunya, kuma in sanyi ya kai sifili ba ya tashi ya zama iska. A shigo da ita inda ke da ɗan ɗumi sanyin ya sake ta, ko a tsayar da gindinta a ruwa mai ɗumi kaɗan. Kada a kwantar da ita, kada a kusanta mata wuta. Kuma a cika tun kafin sanyin ya sauka, don da zarar hanya ta toshe sai dogon layi.

Ruwa in ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, shi ke fasa bututu da mitar ruwa da bakin tankin saman rufi. Ba ka gane ya fashe sai rana ta fito ya narke, ka ga ruwa yana bin bango. A naɗe bututun waje da tsumma ko tsohon buhu, a rufa leda a kai don kada ya jiƙe. A bar famfo yana ɗiga da dare. A san inda babban makunnin ruwa yake, a tara na sha na kwana uku. In ya daskare, tsumma da ruwan ɗumi, ban da harshen wuta.

Direbobi, ku ma naku. Babbar hanya mai lamba 1 da ta taso daga Aljiyas ta bi Jelfa, Laguwat, Gardaya, Tamanrasset har In Gezzam a iyakar Nijar, sashenta na arewa wajen Mediya da Jelfa dusa takan rufe shi, haka hanya mai lamba 6 da ta ratsa Ain Sefra zuwa Bashar. Mafi muni ita ce safiyar washegari, dusa ta narke da rana ta sake daskarewa da dare, kwalta ta yi kamar jiƙa ce kawai alhali gilashi ce. Gada ita ke fara daskarewa don iska na bi ta ƙarƙashinta. Tazarar da mota ke buƙata ta tsaya tana iya ninkawa har sau 10. A tashi da giya ta biyu, ba taka burki da ƙarfi, ba fizgar sitiyari. Lagireto in ruwan famfo zalla ne a ciki, zai daskare ya tsaga injin, a sa ruwan nan mai kala da suke kira antijel, rabi da rabi. Tsohon batir a safiyar sanyi yake mutuwa, dizal kuma yana kauri ya toshe matata. In kun maƙale, ku zauna cikin mota, ku share bakin salansa, ku kunna inji minti 10 a kowace awa, gilashi a ɗan sauke.

Masu aikin gini, kada a zuba kankare in sanyi ya yi ƙasa da digiri 5. In ɗanyen kankare ya daskare a daren farko, ruwan cikinsa ya kumbura, ba zai taɓa yin ƙarfi ba, daga baya sai ya riƙa marmashewa, kuma lebura za a ɗora wa laifin. Wannan yana nufin aiki zai tsaya, mai cin na yau da gobe ya ajiye kuɗin abincin mako tun daga Disamba. Masu kwana a rumfar tamfol ko tsohon kwano kuma su kula da nauyi. Jiƙaƙƙiyar dusa mai kaurin santimita 30 tana iya kai kilo 90 a kan kowace mita ɗaya tsawo da faɗi, kusan buhun siminti biyu ke nan. A riƙa ture ta da dogon itace daga ƙasa tun tana taruwa, kada a hau rufin.

Masu kiwo a wa 'yan ƙasa a yankin Na'ama da El Bayad, dusa tana rufe ciyawa, sai an ba tumaki sha'ir, a fasa ƙanƙarar kwamin ruwa da safe, 'yan raguna sabbin haihuwa a shigar da su inda iska ba ta bugu. Kuma kada a kafa rumfa ko garke a cikin busasshen kwari don neman mafakar iska. Dusar kan dutse in ta narke ta haɗu da ruwan sama, ta nan take bi, kuma ambaliyar irin wannan kwarin ce ta taɓa cin wani sashe na Ain Sefra a 1904.

A tura wa duk wanda yake da ɗa ko ƙani a can. Allah Ya tsare mana su. Wassalamu alaikum.