Amsa ga ɗan'uwanmu da aka nema ya zama manajan ƙungiyar hokin yara

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce ɗanka ya shiga ƙungiyar hokin ƙanƙara ta 'yan ƙasa da shekara 9, an roƙe ka ka zama manaja, kai kuma ko tsayuwa a kan takalmin ƙanƙara ba ka iya ba. Shawarata ka karɓa. Na fara wannan aiki a Winnipeg, nan Kanada, tun yarana suna ƙanana, yau sun girma sun bar wasan, ni ina nan.

Manaja ba ya taka ƙanƙara, wannan aikin koci ne. Naka shi ne jadawalin atisaye, asusun ƙungiya, cike takardar wasa, da samo wanda zai riƙe agogo. Za a nemi takardar binciken 'yan sanda tunda da yara za ka yi hulɗa, sannan ka yi kwas ɗin Respect in Sport, na mutunta juna a wasanni, ta intanet. Ba su da wuya.

Wasan nan a matakin unguwa 'yan sa kai ne ke ɗauke da shi. Na san wani dattijo a unguwarmu da ke fitowa cikin dare, sanyi ya kai 30 ƙasa da sifili, yana riƙe da tiyo yana zuba ruwa a filin waje kaɗan-kaɗan, ya jira ya daskare, ya sake zubawa. Gemunsa duk ƙanƙara. Ba wanda ke biyansa ko sisi, jikokinsa ma ba a garin suke ba. Abin ya daɗe a haka: W. A. Hewitt ya riƙe sakataren hukumar hoki ta Ontario daga 1903 har 1966. Fran Rider kuwa tana cikin waɗanda suka kafa hukumar hokin mata ta Ontario a 1975, ta kuma yi ruwa ta yi tsaki aka shirya gasar mata ta duniya ta 1987 a Toronto, tun kafin a sa wasan matan a Olamfik.

Wahalar ba atisayen ƙarfe shida na safe ba ce, mu da muka saba tashi da asuba. Iyaye ne. Za ka ga babba da gemunsa yana yi wa alƙalin wasa ɗan shekara 14 tsawa, wani kuma ya tare ka wai koci ba ya sa ɗansa sosai. Ka kafa dokar awa 24 tun taron farko: mai ƙorafi ya kwana a kai, gobe a saurare shi. Yawancinsu kafin gari ya waye sun huce.

Babban dalilin da ya sa nake matsa maka shi ne, wanda ke ciki shi ake ji. Da aka ce mu sayar da tikitin 50/50, wanda ake raba kuɗinsa rabi ga ƙungiya rabi ga wanda ƙuri'a ta faɗa kansa, na ce caca ce, ba zan taɓa ba, a ba ni agogo, aka ba ni ba tare da gardama ba. In za a tafi gasa wani gari, manaja ne ke zaɓar wurin cin abinci, shi zai nemi ɗakin da za a yi salla. Ranar da aka zagi yaro saboda launin fatarsa, kuma ana yi, shi zai rubuta ƙara ya bi ta har hukuma. Akim Aliu, ƙwararren ɗan wasan hoki haifaffen Okene, ya fito a 2019 ya faɗi irin abin da ya sha. Nazem Kadri kuma, ɗan wasa Musulmi, ya ci kofin Stanley, babban kofin ƙwararrun 'yan hoki, a 2022, ya kai shi masallacin garinsu na London a Ontario. Ka nuna wa ɗanka hoton.

Batun kuɗi, kayan wasan suna da tsada. Ka tambayi KidSport da Jumpstart, suna taimaka wa iyalai masu ƙaramin ƙarfi. Takalmi da sanda ka sayi na hannu, ƙafar yaro ba ta tsayawa wuri ɗaya. Hular kwano kam ka sayi sabuwa mai tambarin CSA, shaidar ingancin kaya ta Kanada. Allah Ya raya mana su.