Ƙullutu a wuyan Hajiya: dole sai an yi aiki?

Ɗan'uwa, ka ce ƙullutu ya fito wa Hajiyarku a gaban wuya, kana tambaya ko dole sai an yi mata aiki. Ba dole ba ne. Ku kai ta asibitin Komfo Anokye a nan Kumasi. Za a ɗebi jini, a yi hoton wuyan, wataƙila a sa siririyar allura a zuƙo ɗan abin ciki a duba. Yawancin maƙoƙo ba ciwon daji ba ne.

Amma in yana girma da sauri, ko muryarta ta dusashe, ko tuwo na maƙale mata, don Allah kada ku tsaya shafe-shafen magani. Gwaggona da aka cire wa maƙoƙon duka tana nan lafiya lau, sai dai ƙwaya ɗaya kullum da sassafe kafin koko, iya tsawon rayuwarta.